Shekarar da Na Gasa Innarku a Ɗakin Gilashi

Ɗiyana, akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a gidan nan, kuma ranar sunan ɗan 'yar'uwarku Rabi na ji ta da kunnena daga bakin ɗayanku: wai ni da yayana, Baba Mamman ɗinku, gadon tsoho ne ya raba mu shago. Ban tanka ba a ranar, don gida cike yake da baƙi. To ba haka ba ne. Tsohonmu, Allah ya jiƙan shi, bai bar abin da mutum biyu za su ɗaga wa juna murya a kai ba: injin walda ne guda mai tari kamar tsohon ɗan taba, da rumfar kwano a bakin hanyar gada. Taga ce ta raba mu. Taga guda ɗaya, kuma ni na ƙera ta da hannuna.

Shekara kusan talatin muna wannan rumfa ni da Yaya, muna yin ƙofofi da tagogin ƙarfe irin waɗanda kunka tashi kunka gani a kowane gida na Malanbil: marfi biyu, sakata ɗaya, fenti shuɗi ko kore. In ka rufe, ɗaki ya yi duhu ka nemi takalminka da ƙafa. In ka buɗe, rana ta shigo da ƙudajenta. Ba wanda ya taɓa kawo ƙara, don kowa ya ɗauka haka taga take. Yaya ne ya koya mini riƙon sandar walda. Mutum ne marar yawan magana, gaisuwarsa ma rabi ce, amma in ya ce wa mutum ranar Laraba, to ko gulbi ya cika ya shanye hanya, Laraba ce. Sai ga sabon yayi ya hauro daga Kwatano, wani kuma ya tsallako daga Najeriya: taga ta alu, wannan farin ƙarfe marar nauyi, da shuɗin gilashi da ake turawa hagu da dama. Na je Paraku na yi mako guda ina leƙen yadda ake haɗa ta, na dawo munka fara. 'Yan kasuwa sunka yi mana caa. Duk wanda albasa ta yi wa kyau a shekarar, sai ya zo ya ce a cire mishi ƙarfe a sa gilashi.

Innarku kuwa a lokacin tana da mata bakwai ko takwas da take koya wa ɗinki a gindin dogon yaron tsakar gida, Hausawa da Dandawa, har da wata da kabu-kabu ke kawowa daga Madekali. In hadari ya taso su kwashi kekuna a guje, in akuya ta ga dama ta ci musu zare. Ta daɗe tana roƙona ɗaki mai haske, don idonta ya fara gajiya da zura zare a allura. Da sanyin shekarar na gina mata. Kuma a nan zan faɗi abin da ban taɓa faɗa ba: ba don ita kaɗai na yi ba. Bangon yamma shi ke kallon titi, sai na huda shi daga gwiwa har sama da kai, faɗin taku huɗu, na sa gilashi fari fes, don duk mai wucewa kasuwa ya gani ya tambayi wa ya yi. Ranar da anka gama, ta tsaya a tsakiyar ɗakin ta riƙe haɓa.

"Malam, ba ta yi yawa ba?"

"Ke kinka ce kina son haske."

"Haske na ce. Ban ce ka kawo min ranar gaba ɗaya ba."

Na yi dariya, na ce ta bari ta gani.

Ta gani kuwa. Muddin sanyi yana nan ɗakin ya yi daɗi, har maƙwabta na zuwa kallo. Da bazara ta kama, daga azahar ɗakin nan sai ya koma wani abu. Kan keken ɗinki ba ya taɓuwa. Man kaɗen da take ajiyewa a kan kantar bango ya narke ya bi bango. Wani turmin atamfa na amarya da anka bari a ninke kusa da taga, da anka warware sai ga layi fari-fari a kan ninkin kamar an ja da alli. Innarku ta maye shi da wani, ba ta gaya mini ba sai bayan shekaru. Na rataya labule mai kauri daga ciki. Duhu ya dawo, zafi kuwa bai je ko'ina ba, labulen kansa ya zama kamar an ɗauko shi daga kan murhu. Cikin matan akwai wata 'yar Dendi, Hamsatu, bakinta ba ya ajiye magana. Wata rana na shigo cin abinci na tarar duk sun dawo gindin itace da kekunansu, ta ɗago kai ta yi mini sannu da Dendi ta ce:

"Baban Rabi, fofo da aiki. Gobe in kawo ƙullun burodi da sahe, ko sai azahar tandar taka ka kamawa?"

Matan sunka bushe da dariya, har innarku, ko da yake ta rufe baki da gyale. Kafin mako ya zagayo, sunan Tandar Garba ya kai kasuwa. Ni Garba da na huda bango don a san ni, an san ni ɗin.

Ana cikin haka 'yar'uwarku Hadiza ta zo hutu daga Kwatano, inda take karatun zanen gini. Ta kwana biyu tana shiga ɗakin tana fita, ta ɗora tafin hannu a gilashi da safe, ta koma ta ɗora da la'asar. Ba ta ce mini komai a gida ba. Kuskuren da ta yi, kuma na san yanzu ta yarda kuskure ne, sai ta biyo ni shago ta faɗa a gaban Yaya. Ta ce gilashi irin namu tarko ne: yana barin rana ta shiga ta dafa ƙasa da bango da kaya, zafin kuma ya rasa hanyar fita. Ta ce shuɗin da muke sayarwa ma bai tsira ba, shan zafin yake yi ya riƙa hura shi ciki, ga shi ya rage haske har mutum ya kunna ƙwai da rana tsaka. Ta ce akwai wani gilashi yanzu da ake shafa wa wani abu na ƙarfe, siriri fiye da ɓawon albasa, ido ba ya ganinsa; haske ya wuce, yawancin zafin ya koma inda ya fito. Ana haɗa gilashi biyu, a bar iska a tsakani, a liƙe. Amma ta ce ko shi ba ya ceton tagar da anka wangame wa ranar yamma haka. Rana daga waje ake tare ta, kafin ta taɓa gilashi.

Yaya bai ɗago daga ƙarfen da yake gogewa ba.

"Ɗiyata, mun tura ki karatu ne ki dawo ki koya ma ubanki walda?"

"A'a Baba, waldarku ba ta da laihi. Rana ce ba ku tambaya ba."

"To tahi ki gaishe ta."

Ni kuwa kunya ce ta hau ni, ta rikiɗe ta koma fushi. Na ce ta wuce gida. Kwana uku ina amsa gaisuwarta da ka.

Abin da ya sauko da ni ba karatun Hadiza ba ne, farantan innarku ne. Ita ba ta da lokacin fushi, ɗinkin salla ya matso, gindin itace kuma ya yi musu kaɗan. Sai ta sa anka kafa mata 'yar rumfar zana a waje, jikin tagar, daidai tsayin kan mutum, ta sauke wata zanar ta rufe gaban. Ya zama ƙasan gilashin duk yana cikin inuwa, saman kuwa kamar taƙi biyu a buɗe. Zafi ya ragu nan take, sai dai ɗakin ya ɗan yi duhu. Ran nan ta wanke manyan farantanta na silba, ta rasa inda za ta shanya su kaji ba su hau ba, ta kifa su a kan rumfar. Da ta koma ciki sai ta ga rufin ɗakin ya yi fari. Rana na faɗa wa farantan, ta yi tsalle ta shiga ta saman taga, ta bugi rufi, ta zubo ko'ina a hankali ba ta dukan idon kowa. Ta sa anka kira ni. Na same ta a can ƙuryar ɗaki, inda da sai an laluba, ta ɗaga allura sama.

"Tsaya nan ka gani."

Ta zura zare, sau ɗaya.

"Wanga shi ne hasken da na ce maka."

Hadiza tana bakin ƙofa tana danne dariya. Ta ce abin da innarta ta yi da faranti yana cikin littafinsu har da zane, kuma masu manyan gine-gine biyan masana suke yi a yi musu shi. Innarku ta ce to su zo su biya ta ita ma. Na zauna a kan buhun ƙyalle, na daɗe ina kallon rufin nan. Shekara talatin ina huda bangon mutane, ban taɓa tambayar kowa ta ina rana ke bi ta gidansa ba.

A daidai wannan lokaci muna da aiki mafi girma da ya taɓa shigowa rumfarmu. Wani Alhaji Bawa, ɗan Kamba, mai fataucin hatsi, yana gina bene a hanyar Kandi, kuma manyan tagogin duk yamma suke kallo, don can titi yake. Yaya ne ya karɓi aikin, ya sa hannu cikin hannun Alhaji ya ce kafin babbar salla. Na yi kwanaki ina juya abin a raina. Na fara gaya wa Yaya mu biyu, ya ce mutum ya faɗi abin da yake so, namu yi ne. Ranar da Alhaji ya zo duba alun da munka yanka, bakina ya riga ni.

"Alhaji, in munka sa maka gilashin ga yadda ka ce, iyalinka ba su iya zama ɗakunan sama da rana. Na gwada a gidana."

"Au, kai ne mai tandar?"

"Ni ne."

Ya yi dariya har hularsa ta goce. Sannan ya daina.

"To mi kake so in yi? In juya gidan?"

"Ka ba ni wata biyu in tahi Kwatano in koyo yadda ake yi."

"Wata biyu! Mamman, ƙanenka lahiya yake?"

Yaya ya ce lafiya lau yake, kuma aiki yana nan kafin salla kamar yadda anka yi. Da Alhaji ya tafi, ya ajiye abin hannunsa a hankali. Ban taɓa jin ya yi doguwar magana irin ta ranar ba. Ya ce ni na kawo gilashin nan rumfa, ni na cika gari da shi, yau kuma don ɗiyata ta yi boko na tsaya gaban baƙo na mai da shi maƙaryaci. Na ce ba zan sa hannu a tagar da na san za ta dafa mutane ba. Ya ce to kar in sa. Washegari ya kawo amalanke ya kwashe kayansa da alun Alhaji, ya kama wata rumfa a tsallaken titi, daidai inda in na ɗaga kai sai na gan shi. Injin tsoho ya bar mini. Wannan shi ne gadon da kunka ji ana faɗa: bai ma ɗauka ba.

Tafiya Kwatano da sayen gilashin farko ba abin wasa ba ne, kuma abu guda ke hannunmu: 'yan shanun da muke kiwo wajen wani Bafillace a Tumbutu ta nan kusa da mu, waɗanda munka ƙudura su ne kujerunmu na Makka, ni da innarku. Na kasa faɗa mata. Ita ta faɗa, tana tankaɗe, ba ta ko dube ni ba.

"Sai da su. Ka'aba na nan inda take. Ni dai kak ka dawo min da wata tanda."

Sai da ta ƙara shekara huɗu kafin ta zama Hajiya. Ƙawayenta biyu da sunka shirya tafiya tare sunka tafi sunka bar ta; ranar rakiyarsu ta dawo da jajayen idanu ta ce hayaƙi ne. Ku riƙe wannan, in ana maganar wanda ya ɗauki nauyin abin.

Hadiza ta kai ni wani wurin aikin gilashi a bayan tashar jirgin ruwa. Mai wurin mutumin kudu ne, na girme shi nesa, ba ya jin Hausa ko Dendi, ni kuma Faransancina na duwan ne, wato 'yan kwastan, da jandarma: gaisuwa da ba da haƙuri. Hadiza ke fassara in ta taso daga lakkwal, wato makaranta, sauran lokaci da hannu muke magana. Makon farko bai bar ni na taɓa komai ba sai wanki. Ni Garba, da furfurata, da farar safar hannu, ina wanke gilashi, don in ɗigon gumi ko sawun yatsa ya shiga tsakanin biyun anka liƙe, ya zauna ke nan har abada kana kallonsa. Sannan ya koya mini gane fuskar da ke da shafin. Sai ka ƙyasta ashana kusa da gilashi ka duba hoton wutar a ciki: za ka ga harsuna huɗu a jere, uku launi ɗaya, ɗaya ya ɗan yi ja-ja, wannan ita ce fuskar. A ƙasar zafi irin tamu tana jikin gilashin waje, tana kallon iskar da ke tsakani. Kuma in an liƙe ba a yankawa, awon da ka aika shi za a kawo maka, don haka mai awo da ido irina sai da ya koyi rubuta santimita. Ya nuna mini wata takarda mai kama da leda da ake manna wa tsohon gilashi ta rage zafi. Ya nuna mini siraran falankai na alu da ake jerawa a waje, a kwance ga tagar kudu, a tsaye ga ta yamma. Ranar ƙarshe ya kai ni wani ɗaki ya danna maɓalli, sai farin gilashi ya fara duhu da kansa kamar hadari na haɗuwa. Ya sake dannawa, ya washe. Na yi salati. Ya tambaya ta bakin Hadiza ko zan kai irinsa Malanbil. Na ce ta gaya mishi, da irin wutar kuran ɗinmu, lantarkin nan mai yawan ɗaukewa, in ya yi duhu ranar Litinin sai Alhamis zai washe. Ya yi dariya har ya zauna ƙasa.

Gilashin ya biyo ni a kamyon, wato babbar mota, da ya sauke albasa zai koma arewa, an tsayar da shi cikin akwatin katako an cusa katifu. Na zauna a baya tare da shi kwana biyu, kowane rami a hanya ina jin shi a haƙarƙarina. A Kandi direba ya ce bai taɓa ganin mutum yana tofa wa gilashi addu'a ba. Ɗaya ya tsage, sauran sun iso.

Da hannuna na cire babbar tagar. Na toshe yawancin ramin da bulo, abin da ya rage na sa sabon gilashi da falankai a tsaye a waje. Sannan na huda bangon kudu, wanda ba ya kallon kowa sai turken awaki, na yi taga mai hawa biyu: ta ƙasa don gani da shan iska, ta sama doguwa siririya don haske, a tsakaninsu kuma kanta ta ƙarfe mai faɗi, rabi waje rabi ciki, da farin fenti a samanta. Farantan innarku ke nan, sai dai waɗannan ba a cin tuwo a kansu. Rufin ɗaki munka shafe shi da farar ƙasa. Ranar da matan sunka dawo da kekunansu, Hamsatu ta shigo da ƙullu a kwano da gaske, ta ajiye a gindin taga ta zauna ɗinki. Da la'asar ta buɗe ta leƙa.

"Baban Rabi, tandarka ta mutu. Allah shi jiƙan ta."

Kar ku ɗauka daga nan gari ya taso mini. Shekarar farko zama ya fi aiki yawa, ina kallon Yaya a tsallake yana fama da jama'a. Gilashi biyu ya fi ƙarfin yawancin mutane, har yau ma. Masu sayensa kaɗan ne: mai kantin magani da ke tsoron kayansa su lalace, wani ɗakin haihuwa a Garu, 'yan kasuwa jifa-jifa. Abin da ya ciyar da ku shi ne kanta da falankai da farin fenti, da tambayar da na koyi yi kafin in ciro abin awo: da wane lokaci kuke zama ɗakin nan, kuma ta ina rana ke zuwa muku? Alhaji Bawa ya samu tagoginsa kafin salla, kamar yadda Yaya ya ce. Bazarar da ta biyo ya aiko a ɓoye a sa mishi falankai a waje, wai kar Mamman ya ji.

Shekara biyu da wani abu muna gaisawa daga tsallaken titi da ɗaga hannu. A masallaci sahu ɗaya, a biki tabarma daban. Matan ba su taɓa shiga cikin maganar ba; hasali ma matarsa, Inna Kulu ɗinku, ta shigo cikin masu ɗinki, kuma ina zaton ita ta dame shi da labari. Wata Asabar a tsakiyar bazara, wajen ƙarfe uku, lokacin da ko kare ba ya tsallaka titi, na dawo gida na tarar da takalmansa a ƙofar ɗakin ɗinki. Na leƙa. Kekunan matan duk sun tsaya. Yana tsaye ya ɗora tafin hannu a gilashin yamma, inda rana ta fi ƙarfi. Ya daɗe bai ɗauke ba. Ya ɗaga kai ya dubi rufi, ya dubi ƙuryar da innarku ke zaune, ya fito ya zagaya baya wajen awaki. Na bi shi. Ya tsaya ƙarƙashin kantar, yana bin ƙafafun ƙarfen da ke riƙe da ita da yatsa, ɗaya bayan ɗaya. A ta uku ya tsaya.

"Wa ya yi waldar ga?"

"Ni ne, Yaya."

"Haka na koya maka?"

Ya ƙwanƙwasa ta da yatsa, ya ci gaba:

"Ka tahi har Kwatano, ka sai da shanu, ka dawo kana walda kamar kashin kaji. Ɗauko injin."

Na je da kaina na turo injin tsoho. Ya tuɓe riga, ya kankare waldata, ya sake tasa, gumi na zuba, awaki na kallo. Da ya gama ya buga ta da guduma sau biyu, ya ce yanzu ta zama aiki. Sannan, yana goge hannu, bai dube ni ba, ya ce ɗakin da yake karatun Alƙur'ani gabas yake kallo, kuma da hantsi baƙaƙen na yi mishi rawa a ido; in na samu sarari in zo in duba, in taho da Hadiza in tana gari. Bai dawo rumfarmu ba, ni ma ban roƙe shi ba, kowa ya saba da tasa. Amma daga ranar, in aikin gilashi ya zo mishi sai ya nuna tsallake da haɓa, ni kuma duk ƙofar ƙarfe mai nauyi shi nake tura wa.

Waldar tana nan, ƙafa ta uku daga wajen turken awaki. Ku je ku duba, za ku gane ta: ta fi sauran kauri, ta ɗan karkace hagu, don a lokacin hannunsa ya fara rawa. Tawa da ya kankare ta fi ta kyau nesa ba kusa ba. Ban taɓa faɗa mishi ba. In kun je gaishe shi ranar Juma'a, kar wanda ya faɗa.